KAYAN HORAR DA YARA MASU NAƘASA: KASUWAR DA KE JIRAN KAFINTOCI DA TELOLIN JIHAR NASARAWA

LAFIYA — A ranar 6 ga watan Fabrairu na shekarar 2018, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya buɗe makarantar musamman ta yara masu naƙasa da Gwamnatin Jihar Nasarawa ta gina a garin Lafiya. Gwamnan da ya gina ta, Alhaji Umaru Tanko Al-Makura, ya san abin da ake nufi da naƙasa, domin ya sha bayyana wa jama'a cewa zazzaɓin Lassa ne ya taɓa masa ji tun a shekarar 1990. Makarantar ta tattara makafi da kurame da guragu a wuri guda, kuma ta zama abin alfahari ga jihar.

To sai dai makaranta ɗaya a hedikwatar jiha ba za ta ɗauke dukkan yaran da ke da buƙata ba. Ƙaramar Hukumar Lafiya kaɗai tana da mazaɓu 13, kuma da yawa daga cikinsu, kamar Arikya da Assakio da Adogi, yankunan manoma ne da ke nesa da tsakiyar gari. Yaron da aka haifa da shanyewar gaɓɓai a irin waɗannan wurare, hanyoyi biyu ne a gabansa. Ko dai a kai shi firamaren ƙauyensu ya zauna a kan bencin da ba a yi shi dominsa ba, ko kuwa a bar shi a gida a kan tabarma. Sau da dama, abin da ke raba waɗannan hanyoyi biyu bai wuce kujerar da za ta riƙe masa baya ba, da fensirin da hannunsa zai iya damƙa.

Wannan ita ce gaɓar da batun ya shafi 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Mafi yawan kayan da ake horar da irin waɗannan yara da su, abubuwa ne da kafinta da tela da maƙeri da maginiyar tukwane za su iya ƙerawa da abin da ke kewaye da su. Amma har yanzu idan makaranta ko asibiti ta tashi saye, ƙasashen waje ake dosa.

MENE NE AIKIN KAYAN?

Jama'a da dama sun san likitan gashin ƙashi, wanda ke motsa gaɓɓan majinyaci don ƙarfi ya dawo masa. Akwai wani fanni na dabam, ɗan'uwan wannan, wanda ake kira farfaɗowa ta hanyar aiki. Jami'in wannan fanni yana duba abubuwan da mutum ke buƙatar yi wa kansa kullum, ya gano abin da ke hana shi, sannan ya horar da shi ko ya sauya masa kayan aiki. A wajen ɗan makaranta, waɗannan abubuwa su ne zama daram a aji, riƙe fensir, yanka takarda da almakashi, ɓalla maɓallin riga, kai loma baki, zuwa ban-ɗaki, da kuma wasa tare da sauran yara.

Yaro ba ya jure wa horo irin na babba, saboda haka ta hanyar wasa ake bi da shi. Idan ana son yatsunsa su yi ƙarfi sai a ba shi yumɓu ya murza. Idan ana son idonsa da hannunsa su yi aiki tare sai a ba shi duwatsun ado ya zura a zare. Idan ba ya son taɓa abu mai kaushi, sai a riƙa sa hannunsa a farantin yashi ko na gero sannu a hankali har ya saba.

Wannan dabara tana da tarihi. Wani likitan Faransa, Edouard Seguin, ya ƙirƙiro allon katako mai ramuka, inda yaro ke mayar da kowace siffa gurbinta, tun a ƙarni na 19. Likitar nan 'yar ƙasar Italiya, Maria Montessori, ta ɗora a kan aikinsa lokacin da take kula da yara masu raunin fahimta a birnin Rum, kafin ta buɗe makarantarta ta farko a shekarar 1907. Haruffan takardar goge katako da firam ɗin koyon ɓalla maɓalli da ake sayarwa da tsada a makarantu masu zaman kansu a yau, duk daga can suka samo asali. Katako ne da ƙyalle da takarda.

GIRMAN BUKATAR

Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, sun fitar da rahoto a shekarar 2022 wanda ya nuna cewa mutane fiye da biliyan 2.5 a duniya suna buƙatar aƙalla na'ura ko kayan taimako guda ɗaya, kamar keken guragu ko tabarau ko na'urar ji, kuma kusan biliyan ɗaya daga cikinsu ba su samu ba. A wasu ƙasashe matalauta, kashi 3 cikin 100 ne kacal na masu buƙatar ke samu. Shekara guda kafin nan, UNICEF ta ƙiyasta cewa yara masu naƙasa a duniya sun kusa miliyan 240.

A Nijeriya, fuskar naƙasar yara tana sauyawa. An tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar shan-inna daga nahiyar Afirka a ranar 25 ga Agusta 2020, bayan an ga na ƙarshe a Jihar Barno a 2016. Amma sauran hanyoyin suna nan: doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi, shawarar jarirai da ba a kai asibiti da wuri ba, sanƙarau, ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Waɗannan su ke barin yaro da sandarewar gaɓɓai, ko kurumta, ko makanta, ko jinkirin fahimta. Irin wannan yaro buƙatarsa ta wuce keke, domin hannunsa da wuyansa da harshensa duk suna iya shafuwa.

Ta fuskar doka kuma, an riga an share fage. A watan Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda ta ba su 'yancin ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta kuma wajabta wa makarantun gwamnati su tanadi ma'aikaci mai horo da kayan aiki na musamman. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar don a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa. Tun kafin nan, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC, kuma a cikin rabon wannan kuɗi akwai kashi 2 cikin 100 na ilimin yara masu buƙata ta musamman, wanda ke bi ta hannun hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi.

FAƊUWAR NAIRA TA SAUYA LISSAFI

Idan dai ba a manta ba, a watan Mayun 2023 ana canza Dalar Amurka ɗaya a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira a watan Yunin wannan shekara, sai farashin ya yi ta hawa har ya haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024, kuma bai sake komawa kusa da inda ya taso ba. Ma'anar wannan ita ce, kayan da ake saye Dala 100 ya tashi daga Naira 46,000 zuwa sama da Naira 150,000 a shekarar 2024, tun ba a sa kuɗin jirgi da na fito da ribar dillali ba. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin 2024 kuwa Naira 70,000 ne.

Manomin doya ko riɗi a Arikya ba zai iya wannan ciniki ba, haka ma shugaban makarantar firamaren da ke jiran kuɗin alli. Bugu da ƙari, kayan waje suna zuwa da nasu matsalolin. Idan ƙusa ɗaya ta karye babu inda za a sami madadinta. Kujerar da aka yi don daɓen tayil ba ta daɗewa a ajin da ƙasa ce shimfiɗarsa. Yaro kuma girma yake yi, abin da ya yi masa daidai bana zai matse shi baɗi.

Akwai ma wani abu da kayan waje ba za su taɓa kawowa ba. Kwalin haruffan roba da aka shigo da shi daga Sin ko Ingila ba ya ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, balle haruffan ajami. Allon hotunan da yaron da ba ya magana ke nunawa don a gane abin da yake so, yana zuwa da hoton burodi da cokali mai yatsu, alhali abin da yaron ke son nunawa tuwo ne, ko kunu, ko buta. Wanda ke zaune a cikin jama'a shi ya san waɗannan, kuma wannan fifiko ne da babu ɗan kasuwar waje da zai ƙwace masa.

ABIN DA KOWANE MAI SANA'A ZAI IYA YI

Kafinta shi ke da kaso mafi girma. Akwai kujerar kusurwa, mai jingina biyu da suka haɗu kamar lungun ɗaki, wadda ke riƙe yaron da ba ya iya zama da kansa. Akwai abin tsayuwa, wanda ake ɗaura yaro a jikinsa na ɗan lokaci kullum don ƙashinsa ya ɗauki nauyi. Akwai allo mai gangare da ake ɗorawa a kan tebur don yaro ya yi rubutu ba tare da ya duƙa ba. Ƙa'idar zama guda ce: ƙugu da gwiwa da idon sawu su lanƙwashe daidai kamar kusurwar bango, tafin ƙafa kuma ya taka ƙasa ko wani katako. Sai yaro ya zauna daram sannan hannunsa ke samun sukunin aiki.

Tela zai iya ɗinka firam na koyon sa tufafi, ɗaya da maɓalli, ɗaya da zif, ɗaya da igiyar takalmi. Zai iya ɗinka ƙananan jakunkuna a cika su da yashi ko wake don jifa da cafewa, da ɗan matashi mai nauyi da ake ɗora wa yaron da ba ya iya natsuwa a cinya, da ɗamarar da ke riƙe ƙugu a kujera. Har kayan makaranta ana iya ɗinka su da faɗin wuya da roba a ƙugu don yaro ya sa da kansa.

Maƙeri zai lanƙwasa cokali ya yi masa ƙota mai kauri, ya yi wa kofi hannu biyu, ya ɗaga bakin faranti ta gefe guda don abinci ya daina zubewa. Mai faci yana da tsohon tiyub na keke, wanda idan aka naɗe fensir da shi sai ya yi kaurin da hannu mai rauni zai riƙe. Maginiya tana da yumɓu. Masassaƙin ƙwarya zai iya zuba tsakuwa a ɗan gora ya toshe, ya zama ƙwallo mai ƙara da makaho zai bi da kunne. Wasannin gargajiya ma suna da amfani: dara tana koyar da tsinke ɗaya a rami ɗaya, 'yar carafke kuma tana haɗa ido da hannu.

Jihar Nasarawa tana da wani abu da ya dace da wannan sana'a, wato rogo. A shekarun 1970, wani malami a ƙasar Zimbabuwe mai suna Bevill Packer ya fito da hanyar ƙera kujeru da tebura da tsofaffin kwalaye. Ana yanka kwali a jera shi bene-bene, kowane bene layukansa na gicciye da na ƙasansa, a manne da kokon gari, a danne da nauyi har ya bushe, sannan a lulluɓe da takardar buhun siminti ko tsohuwar jarida a shafa masa fenti. Idan ya bushe sosai yana ɗaukar nauyin yaro ba tare da lotsawa ba. An yi amfani da wannan hanya wajen ƙera kujerun yara masu sandarewar gaɓɓai a ƙasashe kamar Kenya da Gana da Zambiya. Garin rogo na yin kokon, kwalaye kuwa jibge suke a kasuwar Lafiya. Abokan gabarsa ruwa ne da gara da ɓera, don haka sai an tanadi wurin ajiya mai kyau.

AN TAƁA YI A KUSA DA NESA

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. A garin Jos, maƙwabcin Nasarawa, cibiyar Beautiful Gate ta Ayuba Gufwan, wanda shi kansa shan-inna ta shanye masa ƙafafu tun yana yaro, ta daɗe tana ƙera kekunan guragu masu ƙafa uku daga kayan keke da ƙarfen da ake samu a kasuwa, ta raba dubbai. A shekarar 2024 aka naɗa shi Babban Sakataren Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa. A Kano ma ƙungiyar waɗanda shan-inna ta shafa ta kafa wurin walda inda mambobinta ke ƙera irin waɗannan kekuna suna sayarwa, sana'ar da ta raba da yawansu da bara.

A ƙasar Indiya, wani masassaƙi, Ram Chandra Sharma, da wani likitan ƙashi, Dokta P.K. Sethi, sun haɗa kai a birnin Jaipur a ƙarshen shekarun 1960 suka ƙera ƙafar roba mai arha wadda manomi zai iya shiga gona da ita, ya tsuguna, ya zauna a ƙasa. Ƙafar Jaipur ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama. A ƙasar Meziko kuma, aikin da David Werner ya yi da naƙasassun ƙauyen Ajoya ya haifar da littafinsa na 1987 a kan yaran karkara masu naƙasa, wanda ke cike da zane-zanen kayan da za a ƙera da itace da tsohuwar taya.

Abin lura a misalin Jaipur shi ne, likitan ya san jikin ɗan'adam amma bai iya sassaƙa ba, masassaƙin kuma ya iya sassaƙa amma bai san jiki ba. Haɗuwarsu ce ta kawo nasara.

INDA GIZO KE SAƘA

Matsala ta farko ita ce ƙarancin ƙwararru. Hukumar da ke yi wa jami'an farfaɗowa rajista an kafa ta ne da Dokar Soja mai lamba 38 ta 1988, amma wuraren horar da masu fannin farfaɗowa ta hanyar aiki kaɗan ne, fitattu daga cikinsu su ne makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas da Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife. Waɗanda suka kammala suna taruwa a manyan asibitocin birane, wasu kuma suna ficewa ƙasashen waje. Wannan giɓi yana da haɗari ga sana'ar, domin kujerar da aka ƙera babu awo tana iya ƙara karkata ƙashin bayan yaro ko ta ji masa gyambo. Kafintan da ke son shiga harkar dole ne ya yi aiki da awon da jami'in farfaɗowa ko likitan gashin ƙashi ya rubuta, a kuma gwada kayan a jikin yaron kafin a miƙa. Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano suna da sassan ilimin musamman, kuma malaman da suka horar za su iya zama gada tsakanin asibiti da shagon kafinta.

Ta biyu ita ce lafiyar kayan. Yara masu irin wannan lalura suna yawan kai abu baki. Duk abin da faɗinsa bai kai santimita uku ba yana iya maƙale wa ƙaramin yaro a maƙogwaro. Dole a goge katako sumul, a ɓoye kan ƙusa, a kuma guji fenti mai dalma. 'Yan Nijeriya sun ga illar dalma a Jihar Zamfara a 2010, lokacin da ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinariya. Hatsin da ake wasa da shi kuma kada ya kasance wanda aka zuba wa maganin ƙwari.

Ta uku ita ce ciniki. Kayan ba su da saurin fita kamar gado ko kujerar falo, da yawa sai an auna wa kowane yaro nasa, kuma kuɗin kwangilar gwamnati yakan yi jinkiri. Mai ƙaramin jari da ya zuba komai a nan zai iya karyewa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a ɗauki wannan a matsayin reshe na sana'ar da ake da ita, a fara da ƙananan kayan da ba su buƙatar awo, kamar haruffa da firam da jakunkunan yashi, waɗanda makarantun nazare na yara masu lafiya ma suna saye. Makarantu masu zaman kansu da suka cika Karu da Mararraba da Keffi har zuwa Abuja babbar kasuwa ce da ke kan hanya ɗaya da Lafiya.

Haka zalika, akwai kayan da ba za a iya ƙerawa a shagon unguwa ba. Na'urar ji da batirinta, injin buga rubutun makafi, da tabarau na musamman, duk sai an shigo da su. Amfanin ƙera sauran a gida shi ne ɗan kuɗin da ake da shi ya tafi ga waɗannan.

WA ZAI FARA?

Masu saye suna nan a warwatse: hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, makarantar musamman ta Lafiya, asibitoci, ƙungiyoyin agaji, majami'u da kwamitocin zakka, da kuma iyaye. Kamfanonin haƙar ma'adinai da na noma da ke aiki a jihar suna ware kuɗin taimakon al'umma, kuma kujeru hamsin da aka auna wa yara hamsin abu ne da za a iya gani a ƙirga. Tun a 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da umarnin zartarwa mai lamba 003 da ke buƙatar ma'aikatunta su fifita kayan gida wajen saye. Hukumar SMEDAN da Bankin Masana'antu kuma an kafa su ne don irin waɗannan ƙananan sana'o'i.

Abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa su. Ƙungiyar kafintoci ko ta teloli a Lafiya za ta iya neman jami'in farfaɗowa guda ɗaya ya koya wa mutum goma awo na mako biyu, a fitar da samfuri, a rubuta farashi, a kai wa masu saye su gani. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai da Jami'ar Tarayya ta Lafiya suna da ɗalibai masu neman aikin kammala karatu. Su kansu ɗaliban makarantar musamman da suka girma za su iya koyon ƙera kayan, su zama ma'aikatan farko.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun farko na rayuwar yaro su ne lokacin da horo ya fi kama jiki. Yaron Arikya da ya koyi riƙe cokali yana shekara huɗu ya 'yantar da mahaifiyarsa ta koma gona ko kasuwa. Wanda ya koyi riƙe fensir yana shekara bakwai yana iya zama mai rubuta rasit a shagon wani, ko mai nasa shagon. Wanda aka bari a kan tabarma kuwa, ƙarshensa sau da yawa bakin titi ne da ƙoƙon bara, kuma 'yan kasuwar da ba su sayar masa da kujera ba su ne za su riƙa ba shi sadaka har iyakar rayuwarsa.